Sallamar Ma'aikata da Ƙaurar Aikin Manhaja: Daga Kalifoniya zuwa Bangalor

Gabatarwa

Masu iya magana kan ce ruwa ba ya tsami banza. Daga ƙarshen shekarar 2022 zuwa tsakiyar 2023, manyan kamfanonin fasahar zamani na ƙasar Amurka, waɗanda duniya ta san su da yawan dukiya da tsokar albashi, suka shiga sallamar ma'aikatansu dubu-dubu, alhali kuwa galibinsu riba suke ci, ba su fāɗi ba. A daidai wannan lokaci kuma ofisoshin waɗannan kamfanoni da ke ƙasar Indiya da wasu ƙasashe masu arahar ƙwadago suna ta bunƙasa. Maƙasudin wannan maƙala shi ne ta bayyana yadda abin ya faru, da dalilan da suka haddasa shi, da kuma dangantakar da ke tsakanin sallamar ma'aikaci a wata ƙasa da ɗaukar wani a wata. Daga bisani za a dubi yadda al'amarin ya shafi Afirka, domin a nan ma ya bar tabo.

Ma'anar Kalmomi

Kafin a yi nisa ya kyautu a fayyace kalmomi uku. Manhaja ita ce jerin umarni da ake rubuta wa kwamfuta ko wayar hannu domin ta gudanar da wani aiki, kamar aika saƙo, ko lissafin albashi, ko tura kuɗi daga wannan banki zuwa wancan. Masu rubuta ta su ake kira injiniyoyin manhaja. Sallama kuwa, a wannan maƙala, ana nufin kamfani ya rage ma'aikata da yawa a lokaci guda ba don wani laifi da suka yi ba, sai don ya rage abin da yake kashewa. Ƙaurar aiki kuma ita ce kamfani ya ɗauke aikin da ake yi a ƙasarsa ya mayar da shi wata ƙasa.

Ƙaurar aiki iri biyu ce. Iri na farko shi ne a ba wani kamfani na ƙetare kwangilar aikin, kamar yadda mai gona kan ba da jingar noma. Na biyu shi ne kamfani ya buɗe reshensa a can, ya ɗauki 'yan ƙasar aiki da sunansa. Abin da ya sa manhaja ta fi sauran sana'o'i saurin ƙaura shi ne ba ta da nauyi. Wanda zai ƙaurar da masaƙa sai ya yi jigilar injuna da auduga, ya kuma dawo da yadi ta jirgin ruwa. Amma aikin manhaja, da zarar an gama shi, sai ya bi ta waya ya isa ko'ina cikin ƙiftawar ido.

Yadda Sallamar Ta Auku

A watan Oktoba na 2022 attajiri Elon Musk ya sayi kamfanin Twitter a kan dala biliyan 44, kuma cikin mako guda ya sallami kimanin rabin ma'aikatan kamfanin su 7,500. A watan Nuwamba kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp da Instagram, ya sallami mutum 11,000, watau kashi 13 cikin ɗari na ma'aikatansa, sa'an nan a watan Maris na 2023 ya ba da sanarwar ƙarin 10,000. A watan Janairu na 2023 kaɗai, Amazon ya ce zai rage 18,000, Microsoft 10,000, kamfanin Alphabet mai Google kuma 12,000. Bayan wata biyu Amazon ya ƙara 9,000. Masu bin diddigin wannan lamari sun ƙidaya sama da ma'aikata 260,000 da kamfanonin fasaha suka sallama a duniya cikin shekarar 2023.

Abin bai tsaya nan ba. A watan Agusta na 2024 kamfanin Intel ya ce zai rage ma'aikata wajen 15,000. A 2025 Microsoft ya sake sallamar kimanin 6,000 a watan Mayu da 9,000 a watan Yuli, a shekarar da ribarsa ta haura dala biliyan 100. A watan Oktoba na shekarar Amazon ya ba da sanarwar rage ma'aikatan ofis 14,000.

Da yawa daga cikin waɗanda abin ya shafa ta saƙon imel suka ji labari, wasu ma sai da suka tashi da safe suka tarar an toshe musu hanyar shiga kwamfutar aiki. Rasa aiki a Amurka yana da nauyi na musamman, domin galibin ma'aikata ta hannun wurin aikinsu suke samun inshorar lafiya. Baƙi kuwa masu aiki da bizar da ake kira H-1B, waɗanda kusan kashi 70 cikin ɗari daga cikinsu 'yan Indiya ne, doka kwana 60 kacal ta ba su su sami wani aikin, ko su canja matsayin zamansu, ko kuwa su tattara iyalinsu su bar ƙasar.

Dalilan Sallamar

Dalili na farko shi ne yawan ɗaukar ma'aikata da aka yi a zamanin annobar korona. Da aka kulle mutane a gida a shekarar 2020, sai ciniki da karatu da taro da hira duk suka koma kan intanet. Shugabannin kamfanoni suka zaci haka abin zai ɗore. Meta yana da ma'aikata wajen 45,000 a ƙarshen 2019, amma zuwa watan Satumba na 2022 sun haura 87,000. Alphabet ya tashi daga wajen 119,000 zuwa 190,000 cikin shekara uku. Da annoba ta lafa, jama'a suka koma kasuwa da ofis, sai ciniki ya kasa kai inda aka yi tsammani. Mark Zuckerberg da kansa, cikin wasiƙar da ya aika wa ma'aikatansa ranar sallama, ya amsa cewa hasashensa bai yi daidai ba.

Dalili na biyu shi ne kuɗin ruwa. Daga watan Maris na 2020 babban bankin Amurka ya sauke kuɗin ruwa har kusan babu, saboda haka rance ya yi araha, masu zuba jari kuma suka yarda su jira ribar da za ta zo bayan shekaru. Da hauhawar farashi ta tsananta, sai bankin ya fara ɗaga kuɗin ruwa a watan Maris na 2022, har ya haura kashi 5 cikin ɗari a 2023. Nan take masu jari suka daina haƙuri, suka ce ribar yau suke so. Har wani babban mai hannun jari a Alphabet, Christopher Hohn na Ingila, ya rubuta wa shugaban kamfanin buɗaɗɗiyar wasiƙa a watan Nuwamba na 2022 yana cewa ma'aikata sun yi yawa, albashinsu kuma ya yi tsada.

Dalili na uku shi ne yadda kasuwar hannun jari ta karɓi abin. Zuckerberg ya laƙaba wa 2023 sunan shekarar tsimi da inganta aiki, kuma a cikinta darajar hannun jarin Meta ta kusa ninkawa sau uku. Da sauran shugabanni suka ga wanda ya sallami ma'aikata yabo ya sha, sai sallama ta zama abin yayi, kowa na kwaikwayon maƙwabcinsa.

Dalili na huɗu, wanda ya fi fitowa fili daga 2024, shi ne ƙirƙirarriyar basira. Kamfanoni suna kashe biliyoyin daloli wajen gina manyan rumbunan kwamfutoci da sayen na'urori masu tsada, kuma dole kuɗin ya fito daga wani wuri. Bugu da ƙari, na'urar yanzu tana iya rubuta wani sashe na manhaja mai sauƙi, irin wanda a da ake ba sababbin shiga su koyi hannu da shi.

Ya kamata a lura cewa ba kowane aikin da aka soke ba ne ya ƙaura. Waɗansu ayyukan an rufe su ɗungurungum, kuma da yawa cikin waɗanda aka sallama ba injiniyoyi ba ne, ma'aikatan sashen talla ne da na ɗaukar ma'aikata. Amma duk dalilan nan huɗu wuri guda suka nufa, watau a yi aiki da kuɗi kaɗan. Wannan kuwa ita ce ƙofar da ƙaurar aiki take shigowa.

Tarihin Ƙaurar Aikin Manhaja

Ƙaurar aikin manhaja ta girmi sallamar 2022 da shekaru masu yawa. An kafa kamfanin Tata Consultancy Services, wanda aka fi sani da TCS, a Indiya tun 1968. A 1981 Narayana Murthy da abokansa shida suka kafa Infosys a birnin Pune. A 1985 kamfanin Texas Instruments na Amurka ya buɗe cibiyar tsara na'urori a birnin Bangalor, inda yake aika aikin da aka gama zuwa Amurka ta tauraron ɗan'adam. A 1991 Indiya ta shiga matsin tattalin arziki, sai ministan kuɗi na lokacin, Manmohan Singh, ya sassauta dokokin ciniki da ƙetare, gwamnati kuma ta kafa unguwanni na musamman inda kamfanonin manhaja ke samun rangwamen haraji da hanyar sadarwa.

Babbar dama ta zo wa Indiya ne a ƙarshen ƙarni na ashirin. Tsofaffin kwamfutoci da lamba biyu suke rubuta shekara, watau 98 a madadin 1998, saboda haka aka ji tsoron idan shekarar 2000 ta kama za su ɗauke ta 1900, lissafin bankuna da na jiragen sama ya rikice. Gyaran yana bukatar a bi miliyoyin layukan tsohuwar manhaja ɗaya bayan ɗaya, aiki mai cin rai wanda Amurka ba ta da isassun hannuwan yin sa. Kamfanonin Indiya suka karɓa, suka yi, kuma ta nan aka san su aka amince da su. Ba da daɗewa ba kasuwar kamfanonin intanet ta rushe a 2000 da 2001, ta bar wayoyin sadarwa masu yawa da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku, farashin aika bayanai ya faɗi warwas. Kamfanonin da ke neman rage kashe kuɗi suka tarar hanya a buɗe take.

Abubuwa uku suka ba Indiya fifiko. Tana yaye ɗimbin injiniyoyi kowace shekara, suna jin Turanci, kuma akwai tazarar wajen awa 12 ko 13 tsakaninta da Kalifoniya, ta yadda idan wannan ya tashi daga aiki wancan yake shiga. Amma uwa uba shi ne bambancin albashi. Bisa ƙididdigar hukumar ƙwadago ta Amurka, matsakaicin albashin injiniyan manhaja ya haura dala 130,000 a shekara a 2023, alhali sabon shiga a manyan kamfanonin kwangila na Indiya ya daɗe yana fara aiki da abin da bai kai dala 5,000 ba a shekara. Ko da yake ba daidai ba ne a auna ƙwararre da ɗan koyo, kuma ƙwararru a Bangalor suna samun ninkin-ba-ninkin wannan, tazarar dai tana da faɗi ƙwarai.

Wani lokaci ƙaurar takan zo da cin fuska. A 2015 jaridun Amurka suka ruwaito cewa kamfanin Disney ya sallami ma'aikatan kwamfuta wajen 250 a jihar Fulorida, aka kuma gindaya wa waɗansunsu sharaɗin sai sun koya wa waɗanda za su gaje su aikin, ma'aikatan wani kamfanin kwangila na Indiya, kafin a ba su kuɗin sallama. A 2017 kuma aka ruwaito cewa ma'aikatan IBM da ke Indiya sun fi na Amurka yawa.

Sabon Salo

A da, aiki mai sauƙi da na kula da tsofaffin na'urori ake kaiwa ƙetare, a bar tsarawa da ƙirƙira a gida. Yanzu wannan iyaka ta fara gogewa. Kamfanoni suna buɗe rassansu na kansu a Bangalor da Haidarabad da Pune, inda ake yin aikin da bai bambanta da na hedkwata ba. Zuwa 2024 irin waɗannan cibiyoyi sun haura 1,700 a Indiya, da ma'aikata wajen miliyan 1.9. A shekarar ce kuma aka ruwaito cewa Google ya sallami wajen mutum 200 daga sashen da ke kula da ginshiƙan fasaharsa, ya mayar da waɗansu guraben Indiya da Meziko. Ƙasashe irin su Folan da Romaniya da Biyetnam da Filifin su ma suna samun rabonsu.

Annobar korona ta taimaka a nan ma. Injiniyoyin Amurka sun nuna cewa suna iya yin aikinsu daga gida ba tare da sun taka ofis ba, kuma sun yi murna da haka. Sai dai shugabannin kamfanoni sun ɗauki wani darasi dabam: aikin da za a iya yi daga ɗakin kwana a Kalifoniya, ana iya yin sa daga Bangalor.

Gwamnatin Amurka ta yi yunƙurin taka birki. A watan Satumba na 2025 Shugaba Donald Trump ya sanya kuɗi dala 100,000 a kan sabuwar takardar neman bizar H-1B. Amma masu nazari da dama sun yi hasashen cewa idan aka hana ma'aikaci zuwa wurin aiki, aikin ne zai tashi ya je wurin ma'aikaci.

Waɗanda Suka Karɓi Aikin

Ana iya zaton faɗuwar wani tashin wani ce, watau abin da Amurka ta rasa Indiya ta samu. Akwai gaskiya a ciki, domin sana'ar manhaja ta fitar da miliyoyin iyalai a Indiya daga talauci, ta kuma mayar da Bangalor birnin da duniya ke ji da shi. Amma a watan Yuli na 2025 kamfanin TCS, wanda a lokacin yake da ma'aikata sama da 600,000, ya ba da sanarwar zai rage kimanin 12,000, galibinsu masu matsakaici da babban muƙami. Irin lissafin da ya kori injiniya a Kalifoniya shi ne ya isko ɗan'uwansa a Indiya, domin aikin da ake maimaitawa, wanda ya fi sauƙin ƙaura, shi ne kuma ya fi sauƙin miƙa wa na'ura.

Afirka ma ta ɗanɗana. An kafa kamfanin Andela a Legas a 2014 da nufin horar da matasa rubuta manhaja, sa'an nan a haɗa su da kamfanonin Amurka su yi musu aiki daga gida. A 2016 gidauniyar Zuckerberg da matarsa ta jagoranci zuba masa jarin dala miliyan 24. Amma a watan Satumba na 2019 Andela ya sallami ƙananan injiniyoyi wajen 400 a Nijeriya da Kenya da Yuganda, yana mai cewa masu ba shi aiki ƙwararru suke nema. A watan Nuwamba na 2022, 'yan kwanaki bayan Twitter ya buɗe ofishinsa na Afirka a Ankara ta ƙasar Gana, aka sallami kusan dukan ma'aikatan ofishin, kuma sai da suka shafe fiye da shekara suna bin haƙƙinsu. A watan Mayu na 2024 Microsoft ya ce zai rufe cibiyarsa ta injiniyoyi da ke Legas.

Misalin da ya fi kusa da masu nazarin harshe shi ne na birnin Nairobi. A can wani kamfanin kwangila mai suna Sama ya ɗauki matasa daga ƙasashen Afirka dabam-dabam domin su riƙa tace abin da ake wallafawa a Facebook cikin harsunan nahiyar, har da Hausa, suna cire hotunan kisa da batsa da kalaman ƙiyayya. A watan Janairu na 2023 Sama ya ce ya bar wannan aiki, ma'aikata wajen 260 suka rasa abin yi. Fiye da 180 daga cikinsu suka kai ƙara, Meta kuwa ya ce shi ba shi ya ɗauke su aiki ba, kuma kotun Kenya ba ta da hurumi a kansa. A watan Satumba na 2024 kotun ɗaukaka ƙara ta Kenya ta yanke hukuncin cewa ana iya gurfanar da Meta a ƙasar. Wannan shari'a ta fito da wata fa'ida da kamfani ke samu daga ba da kwangila wadda ba a cika ambata ba: yana cin moriyar aikin, amma nauyin ma'aikacin yana wuyan wani.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa sallamar ma'aikata da ƙaurar aiki daga tushe guda suka tsiro, watau neman inda aiki zai fi araha. Wannan lissafi bai san ɗan ƙasa ba, bai san baƙo ba. Ya ɗauke aiki daga Kalifoniya ya kai Bangalor, kuma babu abin da zai hana shi ɗauke shi daga Bangalor ya kai wani wuri, ko ya miƙa shi ga na'ura. Aikin da araha kaɗai ta kawo, araha ce za ta tafi da shi.

A ƙarshen 2023 gwamnatin Nijeriya ta ƙaddamar da shirin horar da matasa miliyan 3 kan fasahar zamani, kuma daga cikin burinsa akwai samun rabo a wannan kasuwa ta aikin ƙetare. Buri ne mai kyau, amma zanen aro ba ya rufe katara. Labarin Andela ya nuna cewa ɗan koyo shi ake fara sallama, saboda haka horon wata uku ba ya wadatarwa sai an ɗora shi a kan ilimi mai zurfi. Labarin Nairobi ya nuna cewa sai da doka mai ƙarfi da kotu mai zaman kanta ma'aikaci yake samun haƙƙinsa. Tarihin Indiya kuma ya nuna cewa ribar da ta zauna a ƙasar ita ce wadda ta shiga kamfanonin da 'yan ƙasa suka mallaka, irin su Infosys da TCS. Ga ɗalibin Hausa kuwa akwai abin lura na musamman: sanin harshe da al'adar masu shi ƙwarewa ce da ba a saye a Bangalor, kuma kamfanonin fasaha suna bukatarta wajen fassara da tace bayanai da koya wa na'ura magana. Ya rage ga masu wannan ƙwarewa su san darajarta tun kafin a zo ciniki, domin ba a fafe gora ranar tafiya.